Yadda Muka Je Akra Sa Ido, Ni da Kawu Bawa da Hatiminsa

Tun da muka dawo daga Akra ba a bar ni na yanka yadi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya leƙo shago ya ce, "Muniru, wai da gaske ne?" Wancan ya tare ni a ƙofar masallaci. Har matar da ke sayar mana da koko ta ɗaga ludayi ta ce ba za ta zuba ba sai na faɗa mata abin da ya faru a cikin mota. Na gaji da maimaitawa, ga shi kowa na ƙara wa labarin gishiri, har an fara cewa wai an kulle mu a bakin iyaka. Ba wanda aka kulle. Ga yadda aka yi.

Ni tela ne, kuma ni ne sakataren ƙungiyar teloli da masu surfani ta Zongon Lome. Shugabanmu Kawu Bawa, yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na koyi riƙe almakashi. Kowa Perzidan yake ce masa. Wanda ya san tela ya san rediyo: ƙafa na kan keke, kunne na ƙasar waje. To, Kawu ya fi kowa wannan ciwon. Idan aka ce wani shugaba a wata ƙasa ya taɓa tsarin mulki don ya ƙara wa'adi, ranar Kawu ba ya cin abincin rana. Bayan la'asar ake jera benci uku a ƙofar shagonsa, ya zauna ya yanke wa ƙasashen duniya hukunci ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne manyan alƙalan Amurka.

"Mutum ya hau kujerar shari'a, ba mai sauke shi sai mala'ikan mutuwa?" haka yake cewa, yana buga gwiwa. "Wannan dimokuraɗiyya ce ko gadon gida?"

Shi kuwa shekararsa goma sha bakwai yana shugabancinmu. Dokar ƙungiya ta ce a yi zaɓe duk bayan shekara uku, amma littafin dokar yana cikin kabad ɗinsa, makullin kuma wai ya ɓata. Ƙarfinsa duka yana cikin hatimin ƙungiya, wanda muke ce wa tampon. Duk wanda ya gama koyon ɗinki, takardar yayensa ba ta zama takarda sai an buga mata shi. Kawu na naɗe shi a hankici, ya soke a aljihun ciki, ko wanka zai shiga sai ya rataye rigar inda idonsa ke gani.

Sai ga wasiƙa daga telolin Nima, unguwar Hausawa a Akra, suna gayyatar shugabanmu da sakatare su zo zaɓensu a matsayin masu sa ido daga ƙasar waje. Kawu ya sa na karanta masa sau huɗu. Ana jibi za mu tashi, matasan ƙungiya suka cika shagona da wata takarda mai neman a yi zaɓe a gida, hannu arba'in da ɗaya.

"Kai za ka ba shi a hanya," in ji Razak, mai surfanin da ke jagorantarsu. "Ɗan ƙanwarsa ne kai, ba zai tsine maka ba."

Ban tabbata da haka ba. Amma ni ma na gaji, kuma da yake ni ne sakatare, sunana ne na farko a jerin. Na ninke takardar na sa a aljihu. Kawun nan shi ya yi mini aure, shi ya saya mini keken ɗinkina na farko.

Da hantsi muka hau zemijan, wato babur ɗin haya, daga Zongo zuwa Aflao. Kawu ya ci babbar riga mai aska takwas, iska ta cika ta, ni da ke baya ba na ganin mai babur ɗin nasa sam, sai dai riga na gudu a kan titi. A bakin iyaka kowa na miƙa katin shaida da katin rigakafi. Kawu kuwa sai ya zaro takardar izinin aiki da ya sa na buga masa da Faransanci, ya sa mata hannu, ya danna mata hatimi har uku. Ma'aikaciyar ɓangaren Gana ta juya ta sama da ƙasa, ta tambaya da Turanci, ina fassarawa.

"Wa ya ba da wannan takarda?"

"Perzidan," in ji Kawu.

"Wa ya sa hannu?"

"Perzidan."

"Wa zai yi tafiyar?"

Kawu ya dafa ƙirji. Ta kira abokin aikinta ya zo ya gani, suka yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta miƙe ta sara masa. Kawu ya karɓi gaisuwar da gaske. Katin rigakafin nasa ne ya tsayar da mu kusan rabin awa, muka zazzage jaka har ƙasa, ashe yana cikin hularsa. Da muka wuce ya matso kunnena ya ce tampon ɗinsu bai kai namu fitowa ba, tawadarsu ta yi ruwa.

A cikin motar Akra muka ga abin mamaki na farko. Direba ya kunna rediyo, mutane na bugo waya suna yi wa ministocinsu wankin babban bargo, suna kama suna. Fasinjoji suka ɗauka, wata mai kwandon tumatir ta miƙe tsaye tana nuna rediyon da yatsa kamar ministan na ciki. Kawu ya waiga baya, ya waiga gefe.

"Muniru," ya ce a hankali, "ba a kwashe su?"

Wani malamin makaranta da ke kusa da shi, mai jin Faransanci, ya ji daga Lome muke. Kawu ya samu abokin hira, ya yi masa bayanin zaɓen ƙasashe biyar da kotunan ƙasashe uku, malamin na ta gyaɗa kai. Can sai ya ce, "To Baba, ku a can gida fa, yaya kuke ganin al'amura?"

Kawu ya gyara hula, ya leƙa taga. "Bon," ya ce. "Mu koma kan Amurka."

A Sogakope, wajen babbar gadar kogin Volta, masu talla suka yanyame motar. A nan na yi niyyar ba shi takardar, har na sa hannu a aljihu. Sai ya sayi burodi da wasu ƙananan kifaye soyayyu da ba su kai tsinken ashana ba, ya raba burodin biyu, ya miƙo mini babban ɓarin ba tare da ya dube ni ba, kamar yadda yake yi tun ina koyon aiki. Na fito da hannuna babu komai, na karɓa.

Nima kamar Zongonmu ce aka matse ta aka ƙara mata mutane. Hausa ko'ina, sai dai inda mu za mu sa Faransanci su Turanci suke sawa. Mai masaukinmu shi ne Ciyaman Awudu, shugaban telolin can, tsohon abokin Kawu, wanda ke neman wa'adi na uku. Ya ba mu ɗaki mai fanka da sabon zanen gado, aka kawo tuwo da miyar ayoyo, nama har ya fi miyar yawa. Muna ci yana bayani. Abokiyar takararsa wata Hajiya Memuna ce, mai ɗinkin kayan amare, wadda a cewarsa ta zuga mata da matasa.

"Perzidan, ni da kai mun san mulki ba wasan yara ba ne," in ji shi. "Gobe idan an samu ƙaramin poroblam, kai ne bakin duniya."

Kawu ya ce kada ya damu. Ni kuwa a nan na gane abin da ya sa aka gayyato mu.

Washegari aka yi zaɓen a wata makarantar firamare. A bakin ƙofa an girke tukwane, ana raba shinkafa da wake a ganye, wadda suke kira wace. Namu ayimolu na Lome ya ji kunya. Su har da taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji da ke sa mutum tuna zunubansa. Ban tambayi mai rabon ba, Kawu ma bai tambaya ba. Aka rataya mana kwali a wuya mai rubutun masu sa ido, muka zauna a gaba muna share gumi.

Mu a gida, zaɓen da ya kawo Kawu, liman ne ya ce, "Akwai mai ja?" aka yi shiru, aka shafa fatiha. Su kuwa nan abin da tsari. Akwatin zaɓen bokitin roba ne garai-garai, irin na masu sayar da cincin, an ɗaga shi sama kowa ya ga babu komai ciki. An kewaye lungu da zanen atamfa, mutum ya shiga shi kaɗai ya dangwala. In ya fito a tsoma ɗan yatsansa a shuni. Kawu ya miƙe ya zagaya bokitin, ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya sa na rubuta cewa masu sa ido sun gamsu da bokiti.

Aka zazzage ƙuri'u a tebur, jama'a na ƙirgawa da baki ɗaya. Hajiya Memuna ta ci da ratar uku. Mata suka ɗauki guɗa. Ciyaman Awudu ya zaro makullin ofis daga wuyansa, kowa ya zaci miƙawa zai yi, sai ya ɗora shi a kujera ya zauna a kai. Ya ce bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara.

Ashe har kotu gare su. Tsofaffin teloli uku da suka daina aiki, aka jawo musu tebur nan take. Babbansu ya tambayi ƙorafin. Awudu ya ce Hajiya ta sayi ƙuri'u da wace.

Hajiya Memuna ta gyara mayafi. "Baba, ni kowace Asabar nake wannan sadakar. Amma duk wanda ya ci, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi, ɗakin kaf. Alƙalan uku suka dubi juna, suka ɗaga. Ni na ɗaga. Kawu ya ɗaga rabi. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ciyaman, kai fa? Ganye biyu ka ci, ka ce a ƙara maka ƙwai!" Awudu ya ɗaga hannu daga zaune, bai dai tashi daga kan makullin ba.

Da dariya ta lafa, sai ya jefa katinsa na ƙarshe. Ya ce a ji ta bakin ƙasashen waje. Aka miƙa wa Kawu makirfo.

Na ga yadda ya dubi abokinsa, na san ya tuna naman jiya da fankar ɗaki. Wallahi da niyyar rufa masa asiri ya tashi. Amma shekara da shekaru mutumin nan yana yi wa benci uku jawabi, yau ga lasifika, ga mutum ɗari biyu sun yi tsit. Ya hura makirfon, ya ji muryarsa ta dawo daga bango. Sai ya juyo gare ni.

"Muniru, ɗauka a waya."

Ya fara da Amurka, ya bi ta Turai, ya sauko Asiya. Ya ce dimokuraɗiyya ba soja kaɗai ke kashe ta ba, har da dattijon kirki da ke ganin in ba shi ba komai zai rushe. Ya nuna Awudu da yatsa. "Ciyaman, kujerar nan ba a auna ƙugunka aka ƙera ta ba! Wa'adi biyu ya ishi ɗan halak. Duk shugaban da ya ɓoye littafin doka, ko ya ce makulli ya ɓata, ya ji tsoron Allah! Tashi ka ba baiwar Allah kayanta!"

Makarantar ta ɗauki tafi kamar rufin zai tashi. Awudu ya miƙe a hankali, ya ɗauki makullin da ya yi ɗumi, ya ba Hajiya. Aka ɗaga Kawu sama da babbar rigarsa. Da aka sauke shi, yana haki, ya ce, "Tura wa gurup ɗinmu na gida. Su ga yadda ake karrama Perzidan ɗinsu a waje."

"Kawu, in tura?"

"Tura."

"Duka? Har da wajen makullin?"

"Kai wane irin sakatare ne? Na ce tura!"

Na tura.

A gidan Ciyaman kuwa muka tarar an ɗauke fankar, wai za a gyara. Da safe aka kawo koko ba sukari, ba ƙosai. Da muka fito da jakunkunanmu, Awudu na zaune a ƙofar shagonsa da rediyo a cinya. Jiya war haka bencinsa cike yake da masu gaisuwa. Yau ba kowa sai wata akuya da ke cin ganyen wacen jiya. Suka yi sallama sama-sama. Kawu ya yi ta waigen bencin nan har muka sha kwana.

Sai da muka bar Akra na kunna wayata, ta hau ruri ba tsayawa. Kawu ya ce in sa masa ya ji yabon da ake yi. Saƙon farko muryar Razak ce, da mutane da yawa a bayansa, suna rerawa tare kamar 'yan makaranta: "Wa'adi biyu ya ishi ɗan halak!" Na biyu wata mai ɗinki ce daga unguwar Kege: "Perzidan, barka da aiki. Wai an ga makullin kabad ɗin?" Na uku liman ne da kansa, ya ce jawabi ya yi kyau, Allah ya ba mu ikon aiki da shi.

Kawu ya ce in kashe. Muka iso Sogakope. Masu burodi suka zo taga, bai ko dube su ba. Ni da na yi zaton zan ji daɗi, sai tausayi ya kama ni, har na ji haushin Razak.

Muna hawa gada ya miƙo hannu. "Kawo takardar."

"Wace takarda, Kawu?"

"Wadda kake ta shafawa tun Aflao. Ni na koya maka ɗinka aljihu, na san in da kaya a ciki."

Na ba shi. Ta jiƙe da gumi. Ya buɗe, ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya sake matso da ita. Sannan ya mayar mini. "Karanta. Har sunayen."

Na karanta. Sunan farko nawa ne, na faɗa. Na ci gaba har na kai na arba'in da ɗaya. Sai ya zaro hankicin nan, ya warware, ya riƙe hatimin a tafin hannu.

"Rabona da zura zare a allura shekara huɗu," ya ce. "Ba na ganin kafar. Keken da kake ji ina takawa in an shigo, babu zare a ciki. Wannan kaɗai ya rage da hannuna ke iya yi ba tare da ido ba. In na ba ku, wa zai zo ƙofata? Ka ga bencin Awudu."

Kullum ina shiga shagonsa, ban taɓa lura ba. Kunya ta rufe ni, sai na kira mai burodin da ta biyo motar da gudu a ƙarshen gada, na saya, na raba, na ba shi babban ɓarin. Ya karɓa. Kafin mu isa Aflao na tura wa Razak dogon saƙo.

Bayan la'asar muka shiga Zongo. Ƙofar shagon Kawu cike, benci uku sun zama tara, har da aron na masallaci. A tsakiya an ajiye bokitin roba garai-garai, da ƙamshin cincin a jikinsa. Kawu ya sauka daga zemijan, ya dubi bokitin, ya dubi jama'a. Ya shiga shago, ya ɗaga kan tsohon kekensa, ya ciro makullin da ya ɓata. Ya buɗe kabad, ya ɗora littafin doka a tebur, ya ɗora hatimin a kai. Ba wanda ya yi tafi.

Razak ya miƙe. Ya ce ƙungiya ta ga abin da ya faru a Nima, ta gane ba a zaɓe sai da kotu. Saboda haka an kafa kotun ƙungiya, za ta riƙa zama nan ƙofar shagon kullum bayan la'asar. Rigimar tela da mai kaya, ta maigida da mai koyo, ta 'yan takara, duk nan za a kawo. Kuma an roƙi Perzidan ya zama alƙalin alƙalai.

Kawu ya share ido da bakin riga, ya ce ƙura ce. Sannan ya gyara zama.

"Wa'adin shekara nawa ne?"

"Babu wa'adi, Baba," in ji Razak. "Har iyakar rai."

"Ba mai sauke ni?"

"Sai mala'ikan mutuwa."

Kowa ya zuba masa ido. Wasu sun riga sun toshe baki. Kawu ya daɗe yana kallon bencin nan tara.

"Bon," ya ce. "Su ma Amurkawan nan, ba a komai suke kuskure ba. Muniru, kawo shari'ar farko."